Kamfani ya ce ya rage hayaƙi? A tambaye shi daga ina ya fara ƙirgawa

Yanzu kusan duk babban kamfani sai ka ga ya fitar da rahoto wai ya rage hayaƙin kabon da kaso kaza, mutane kuma sai yabo. Ni dai tambayata kullum ita ce, daga ina suka fara lissafin, a ina kuma suka tsaya?

Shi lissafin ba wani tsafi ba ne. Litar dizal ɗaya in ta ƙone tana fitar da wajen kilo 2.7 na iskar kabon, to kamfanin da ya adana rasit ɗin mai da bil ɗin wuta ai ya riga ya kama hanya.

Inda gizo ke saƙar shi ne iyakar da aka ja. Tsarin ƙirga hayaƙi mai suna GHG Protocol, wanda ya fito a 2001 kuma yawancin kamfanoni ke bi, ya kasa hayaƙin gida uku: wanda ke fita daga injinan kamfani da motocinsa, sai na wutar da yake saya, sai na ukun wanda ya haɗa komai tun daga masu kawo masa kaya har zuwa mai saye da zai yi amfani da kayan ya jefar. Wannan na ukun shi ne mai wahalar ƙirgawa, kuma sau da yawa shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Kamfanin mai zai iya sa sola a ofisoshinsa ya yi ta talla, alhali mafi yawan hayaƙinsa a salansar motocin kwastomominsa yake fita. Wayar hannu ma haka take, hayaƙin ƙera ta ya fi na cajin da za ka yi mata shekara da shekaru.

Na san ƙaramin ɗan kasuwa zai ce ina yake da kuɗin ɗaukar ƙwararru, kuma gaskiyarsa ne, amma ko ƙiyasi ne ya yi, ya faɗi abin da ya sa a ciki da abin da ya bari a waje. Lokaci ma ba ya jira, Tarayyar Turai tun Oktoban 2023 ta fara neman masu shigo da siminti, ƙarfe, alminiyon da taki su bayyana hayaƙin da aka fitar wajen sarrafa kayan, su kuwa wajen masana'antar da ta sayar musu za su juya su nemi alƙaluman.