Wanda bai taɓa zuwa aikin gayya ba, da wace fuska zai zaɓa mana shugaba?

Abin da aka yi ranar Asabar a babban taron ƙungiyarmu ta kare muhalli a Legas ba zaɓe ba ne, kuma duk wanda ya zauna a zauren nan ya san haka, ko ya faɗa ko ya yi shiru. An kwaso mutane a mota, an biya musu kuɗin rajista saura 'yan kwanaki taro, an miƙa musu kati, suka kaɗa ƙuri'a, suka ci shinkafa suka watse. Da yawansu ko sunan ƙungiyar ba su iya faɗa daidai ba. Su ne suka yanke mana wanda zai hau kwamitin amintattu, su ne suka kayar da baiwar Allahn da kowa ya san ita ke riƙe da wurin renon dashenmu tun ba mu da ko baro ɗaya. Raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba.

Magana ɗaya nake yi, ita zan yi ta maimaitawa har a gaji da ni: ƙungiyar 'yan sa kai, masu aikinta ne ke da hakkin zaɓen shugabanta. Wanda bai taɓa riƙe shebur ba ranar yashe kwata a Agege, bai taɓa jan buhun robobi daga bakin ruwa ba, bai taɓa ɗaukar jarka ya shayar da dashe a watan Janairu da Fabrairu lokacin da ƙasa ta bushe ba, wannan ba shi da ƙuri'a a wurina, ko katinsa na zinare ne. Mu ba kamfani ba ne da za a ce mai hannun jari ya fi ƙarfin murya. Jarinmu gumi ne da lokaci. Yaran kasuwar Mile 12 da ke barin dako ranar Asabar, suna asarar kuɗin yini guda don su zo mu kwashe shara, sun biya kuɗin zama mamba fiye da wanda aka biya wa rajista a ambulan. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, abin da aka yi musu ke nan.

An ce mini Alhajin da ya ci zaɓen ya taimaka wa ƙungiya, shi ya sayi rigunan aiki, shi ya biya hayar zaure. Allah ya saka masa da alheri, da zuciya ɗaya nake faɗa. Amma kyauta ba ta sayen kujera. In don Allah aka bayar, lada na wurin Allah. A ba shi uban ƙungiya, a karrama shi a gaban jama'a, babu mai ja. Riƙon amana kuwa aiki ne, ba rawani ba. Amintacce shi ne wanda sunansa ke rubuce a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, shi doka ta ɗora wa dukiyar ƙungiya, shi zai sa hannu a takardun banki da rahoton shekara. Mutumin da ba ya samun awa biyu a wata don ya leƙo mu, yaushe zai zauna ya duba littafin ma'aji layi-layi?

Wasu kuma sun ce tsarin mulkin ƙungiya bai hana ba, duk mai kati yana da ƙuri'a. To a gyara shi. Mu muka rubuta shi, ba saukar da shi aka yi ba. Lokacin da aka rubuta, kowa ya san kowa, babu wanda ya zaci wata rana za a yi jigilar masu zaɓe. A sa a ciki cewa sai wanda ya yi wata shida da rajista, kuma sunansa ya fito a littafin halartar aikin gayya, sannan zai yi zaɓe ko ya tsaya takara. Littafin yana hannun sakatare, ba sabon abu za a ƙirƙiro ba.

Masu cewa in yi haƙuri kada a raba kan 'yan Arewa a Legas, ku yi mini afuwa, ba zan karɓi wannan ba. Abin da ke raba kai shi ne a yi wa mutum zalunci a ce ya yi murmushi. Su kuma masu raɗa cewa mace ba za ta iya shiga ofisoshin gwamnati ta yi magana da manya ba, ina suke ranar da ta yi ta sintiri har aka turo motar LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, ta kwashe tulin da muka tara? Malama ta iya, kuma ta yi, a gabanmu.

Ku duba garin da muke ciki. Legas gari ne da ke zaune a kan ruwa, ga teku ga tafki ga fadama, kuma kowace damina sai mun ga sakamakon toshe magudanai da cike fadamu ana gini. Waɗanda suka ga ruwan 10 ga Yulin 2011 ba su manta ba, na farkon Yulin 2024 kuwa jiya-jiya ne, motoci suka tsaya cak, mutane suka kasa zuwa aiki. Idan ruwa ya shigo, ɗakunan talakawanmu yake fara ci, da shagunan masu kayan gwari. Aikin da muke yi ƙarami ne, amma na gaske ne, kuma yana buƙatar shugaban da ya san wace kwata ce ke toshewa a wane layi, ba wanda zai zo ranar 14 ga Yuli, ranar dashen itatuwa ta jiha, a ɗauke shi hoto da dogonyaro a hannu, daga nan sai baɗi. Dashe ba ranar da aka sa shi a rami yake rayuwa ba. Sai an kewaye shi daga awaki, an shayar da shi ya tsallake rani biyu. Wanda bai yi wannan wahalar ba zai ware kuɗi don allon talla ya manta da kuɗin ruwa, tunda bai san ana sayen ruwa ba.

Duk wanda ya je gandun Lekki ya ga abin da riƙo ke haifarwa. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, wadda marigayi Cif S. L. Edu ya jagoranci kafawa a 1980, ta buɗe wurin a 1990, hekta 78 na daji da fadama. Yau gine-gine sun kewaye shi ta kowane gefe, filin Lekki ya zama zinare, amma dajin na nan da birransa da tsuntsayensa, har da gadar sama mai tsawon mita 401 da yaranmu ke hawa. Shekara sama da talatin ana tsaron wuri ɗaya. Irin wannan naci nake so mu koya, kuma ba a samunsa daga mutanen da aka kawo a mota da safe suka tafi kafin la'asar.

Ga dattawanmu da suka jagoranci taron, da girmamawa nake magana. Baba, kun ga abin da ya faru da idonku. Canjin amintattu ba ya tabbata sai an kai takarda CAC, an buga sanarwa a jarida, an ba masu ƙorafi kwana 28. Tun kafin a kai can, ku kira taron gaggawa, a fito da littafin halarta, a sake zaɓe da waɗanda suka cancanta. In Alhaji ya sake ci da ƙuri'ar masu aiki, wallahi ni zan fara yi masa mubaya'a. Ga matasanmu kuma, kada wanda ya ce ya daina zuwa. Na ji wasunku suna cewa Asabar mai zuwa ba da su ba. Don Allah ku zo. Kwatar ba ta san an yi maguɗi ba, dashen nan kuma in an bar shi mako biyu ya mutu.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, a taron nan kansa, taron ƙungiyar kare muhalli, a fararen kwanukan soson nan na tekawe aka raba abinci. Gwamnatin Legas ta haramta su tun Janairun 2024, kuma su ne muke cirowa daga magudanai kowane mako da hannunmu. Wa ya ba da kwangilar abincin? Masu sayar da abinci a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, 'yan uwanmu ne, yawancinsu ba wanda ya zauna ya yi musu bayani da Hausa kan me aka hana da me za su koma amfani da shi. Ina neman mutum biyu ko uku da za mu zaga tare bayan sallar Juma'a, mu fara da layin masallaci. Mai sha'awa ya yi mini magana ta akwatin saƙo.