Wai don darakta ya koma aji sai a ce ya gaza?

Akwai wata magana da ke ba ni haushi, da an ji daraktan wasan kwaikwayo ya koma koyar da dirama sai a fara tausaya masa, wai kasuwa ce ta ƙi shi ya fake da alli. Ni dai ban yarda ba sam.

Wasan dandamali fa ba fim ba ne. Fim ko bayan shekara 50 ka kunna yana nan yadda ka bar shi, amma na dandamali daren da aka kashe fitilu 'yan kallo suka watse shikenan ya wuce, ko an ɗauka a kyamara ba ɗaya ba ne. Abin da ke saura shi ne mutanen da darakta ya horar.

Ɗauki darakta Stanislavski, wanda shi da abokin aikinsa suka kafa gidan wasan Moscow Art Theatre a Rasha a 1898. Ya rasu a 1938, waɗanda suka kalli wasanninsa na farko duk ƙasa ta rufe musu ido. Amma a 1934 wata 'yar wasa daga Amurka, Stella Adler, ta same shi a Paris ta yi 'yan makonni tana ɗaukar darasi, ta koma gida ta kama koyarwa, kuma ta hannunta Marlon Brando ya bi, daga baya Robert De Niro, dukansu fitattun 'yan fim na Amurka. To ina gazawar take?

Wanda ya taɓa zama ɗakin gwaji ma ya san aikin nan biyu, na darakta da na malami, a haɗe suke. Yarinya za ta shigo ta ƙofa, darakta ya ce koma, ta sake shigowa ya ce koma, har sau goma, tana ta kumbura fuska, can sai ya tambaye ta, daga ina kike, me kika zo nema a ɗakin nan? Shigowa ta gaba sai ka ga har tafiyarta ta canza alhali ko uffan ba ta ce ba. Idan wannan ba darasi ba ne to menene?

Sai dai masu sukar ma ba su rasa abin kamawa ba. Akwai malamin da rabonsa da ɗora wasa a gaban 'yan kallo har ya manta, kullum tsohon littafin darasi yake karanto wa ɗalibai, jarabawa ma a takarda kawai, wai a haka za a gane wanda ya iya wasa. Irin wannan kam ya bar sana'ar, kuma rabin laifin na makarantun da ke auna malami da yawan takardun da ya wallafa ne. Kamata ya yi wasan da ya kwashe wata 3 yana gwaji da ɗalibai shi ma a lissafa masa shi ranar ƙarin girma, a kuma ba shi zaure da kuɗin fitilu ya ɗora ko guda ɗaya ne duk shekara.