Madubin da ya cinye mini Ubuntu

Kun san baƙar kwamfutar nan ta ƙarƙashin teburin shago, wadda na sa wa faifan ajiya biyu masu tera ɗaya-ɗaya na haɗa su RAID 1, wato madubi. Abin da aka rubuta a wannan, nan take wancan ya kwafe, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Ba wanda ya taɓa shigowa fotokofi bai sha wannan laccar ba. To, daren Laraba na ce bari in ƙara mata Ubuntu, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, kusa da Windows, in na kunna in zaɓi wadda nake so. Wajen sakawa aka ce sai na kashe RST tukuna, wato tsarin da ke haɗa faifan biyu. Na shiga BIOS, saitin cikin injin da ke tashi kafin Windows, na juya zuwa AHCI, tsarin da ke ganin kowane faifai shi kaɗai, sai ga faifai biyu sun fito daban-daban, na ce madalla, kowa da ɗakinsa, na zuba Ubuntu a na biyun. Windows ta ga an canza mata hanya, ta yi shuɗin allo. Na mayar da RAID, ta tashi, ta ce madubi ya tsage, a sake gina shi? Na ce a gina. Na bar ta a kan inbata na tafi gida.

Da safe sai ga Alhaji. Alhajin gidan su maman yara fa, surukina, wanda tun da na buɗe shagon bai taɓa tako ƙofarsa ba. Wai zai wuce ne ya ce bari ya karɓi katin ɗaurin auren Auta da kansa. A bayansa kuma ga wancan yaron, ƙanin maman yara, kun san shi, mai difloma, yana tafe yana ɓare gyaɗa.

Na durƙusa na kwashi gaisuwa, na goge kujera da hulata, na danna maɓalli har da 'yar bismilla a bayyane. Baƙin allo. Rubutun Turanci layi biyu a sama, a ƙasa kuma grub> da ɗan layi yana ƙiftawa. Babu Windows, babu Ubuntu, babu zaɓi. Na ce, "Baba, tana ɗan shiryawa ne." Alhaji ya ce, "To, madalla." Na kashe na kunna, grub>. Na cire waya daga soket na hura mata iska na mayar, ni da nake wa kwastomomi dariya in sun yi haka, grub>. Na rubuta ls, umarnin jero faifai, ta jero mini (hd0,gpt1), (hd0,gpt2) da 'yan uwansu, na tsaya ina kallo ina gyaɗa kai kamar likita da takardar gwaji. Gumi ya jiƙa mini wuyan riga, ga fanka na juyawa. Alhaji ya zaro carbi. Wallahi da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi, amma ba abin da kake ji sai ƙas, ƙas, ƙas. Can ya juya wajen yaron, don ba zai tambaye ni kai tsaye ba, ya ce, "Ba ita ce wadda aka ce ba ta ɓatar da komai ba?"

Yaron ya ce, "Ita ce, Baba. Madubi gare ta."

Ashe da na ce a gina, faifan farko aka kwafe kaf aka shimfiɗa a kan na biyu, Ubuntu ta tafi ko sallama babu. Shi kuwa GRUB, mai kawo zaɓin, a ɗan yankin EFI na faifan farko ya sauka, wato inda injin ke duba abin da zai tayar, don haka ya tsira, har madubi ya yi masa kwafi. Ga GRUB biyu lafiyayyu suna neman Ubuntu da babu ita a duniya.

Wannan yaron fa ni na koya masa riƙe linzami. Ni na biya masa kuɗin fom. Cajata da ya ara tun azumin bara har yau tana ɗakinsa, in na tambaya ya ce Anti ce ta ce ya riƙe. Kuma wasan ƙanin mata ya ba shi lasisi, ba dama ka yi fushi a ce ba ka san wasa ba. Ya matso, ya karkaɗe ɓawon gyaɗa a kan kibod ɗina, ya ce, "Yaya, ɗan matsa." Da yatsa ɗaya, ɗayan hannun na aljihu, ya rubuta exit. Haruffa huɗu. GRUB ya sakar wa BIOS ragama, BIOS ta wuce na gaba a layi, sai ga tambarin Windows yana juyawa.

Alhaji ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ba ni ba.

Na buga katin hannuna na rawa. Alhaji ya leƙa kusurwar allo ya ce ashe da sauran lokaci, tara ce yanzu, alhali goma ta yi. Ubuntu kafin ta rasu ta saita agogon cikin injin a kan UTC, wato lokacin duniya na bai-ɗaya, Windows kuma tana karanta shi a matsayin lokacin gida, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya. Na buɗe baki zan yi bayani, yaron ya riga ni, "Baba, agogon ma madubi ne."

Jiya ya turo saƙo wai in sa masa data ladan gyara. Ban amsa ba. Katin ma an ce sunan unguwar ango bai fito daidai ba, sai an sake bugawa.