Masu cewa sun mutu sun je sama sun dawo, ni dai ban yarda ba

'Yan'uwa cikin Almasihu, maganar nan ta daɗe tana damuna, yau dai zan faɗe ta ko da wasu za su ji haushi. Kusan kowane wata sai an turo wani odiyo a guruf ɗin WhatsApp na coci, wai wata baiwar Allah ta mutu na awa kaza, mala'ika ya kama hannunta ya zagaya da ita sama da gidan wuta, ta ga mata suna ƙonewa don sun sa 'yan kunne ko wando ko ƙarin gashi, ta ga wane da wance a wuta don ba su ba da zakka ba, ƙarshe a ce ka tura wa mutum goma in ba haka ba jininsu na wuyanka. Sai ka ga iyayenmu na Zumuntar Mata suna sauraro jikinsu na ɓari, tsohuwar da ta yi shekara da shekaru tana bin Yesu ta koma gida ta kasa barci tana tambayar kanta ko mijinta da ya rasu na cikin waɗanda aka gani. Wannan ne ke ƙona mini rai.

To mu buɗe Littafi Mai Tsarki mana. Li'azaru kwana huɗu ya yi a kabari har Marta ta ce ai yanzu ya yi wari, Yesu ya tashe shi a gaban jama'a, amma ku duba Yohanna sura 11 da 12 ko za ku sami kalma ɗaya da ya faɗa kan abin da ya gani a can. Babu. 'Yar Yayirus ma haka, ɗan gwauruwar nan ta Nayin ma haka. Manzo Bulus kuwa a 2 Korintiyawa 12 ya yi maganar mutumin da aka ɗauke zuwa sama ta uku, sai bayan shekara 14 ya ambata, ko sunansa bai yarda ya sa ba, ya ce an ji abubuwan da ba a yarda mutum ya faɗa ba. Shi Bulus bakinsa a rufe, amma 'yan yanzu a buɗe musu komai har kalar kujeru da sunayen mutanen unguwarsu? A Luka 16 ma mai arzikin nan roƙon da ya yi ke nan, a aika wani daga matattu ya gargaɗi 'yan'uwansa biyar, Ibrahim ya ce suna da Musa da annabawa, in ba su saurare su ba ko wani ya tashi daga matattu ba za su yarda ba.

Ba wai ina cewa duk wanda ya yi doguwar suma a asibiti ya farfaɗo ya ce ya ga haske maƙaryaci ne ba. Wani da gaske ya ga wani abu, kuma in ya sa shi tuba, mun gode Allah. Amma wanda zuciyarsa ta tsaya likitoci suka farfaɗo da shi ba ɗaya yake da wanda aka binne ba, kuma abin da mutum ya gani cikin suma ba zai zama koyarwar ikilisiya ba.

Wasu kuwa ƙarya ce tsagwaronta. A Amurka akwai Alex Malarkey, ya yi hatsarin mota a 2004 yana ɗan shekara shida, a 2010 aka fitar da littafi wai ya je sama ya dawo, Kiristoci suka yi ta saya. A 2015 yaron da kansa ya rubuta wasiƙa ya ce bai mutu ba, bai je sama ba, neman a kula da shi ne ya sa ya faɗa, kuma lokacin ko Littafi Mai Tsarki bai taɓa karantawa ba. Kamfanin da ya buga littafin ya janye shi, amma bayan an riga an ci kuɗin mutane. A 2019 duk mun ga bidiyon Fasto Alph Lukau a Afirka ta Kudu yana tashin wani mai fararen kaya daga akwatin gawa, kamfanonin jana'iza suka fito suka ce yaudararsu aka yi, daga baya cocin da kanta ta ce ai da ransa aka kawo shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne inda labarin ke kaiwa. Mutum ba wanda ya naɗa shi, ba dattawan da za su tsawata masa, ya kama shago ya sa lasifika ya ce shi annabi ne ko manzo, hujjarsa kawai wai Yesu ya yi magana da shi ido da ido. Daga nan in ka yi tambaya sai a ce kada ka taɓa shafaffe na Ubangiji. Sai sayar da mai da ruwan addu'a, sai a ce mara lafiya ya bar shan magani, sai a ce kakarka ce mayya. A Kenya a 2023 an tono gawa sama da 400 a dajin Shakahola, da yawa yara ne, mabiyan wani mai wa'azi Paul Mackenzie, waɗanda suka tsira suka ce an koya musu su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Mutane ne masu neman Allah da gaske kamar ni da kai.

Mutanen Biriya Bulus ne da kansa ya yi musu wa'azi amma kullum sai sun bincika Nassi su ga ko haka ne, kuma yabonsu aka yi a Ayyukan Manzanni 17. Don haka fastocinmu da dattawa, don Allah in irin odiyon nan ya shigo guruf ku daina yin shiru, ku zauna da iyayenmu mata ranar zumunta ku buɗe musu Luka 16 da 1 Yohanna 4 da Hausa, domin a yanzu haka masu turo odiyon sun fi ku yi musu magana.