Son maso wani ma labari ne, marubutanmu su daina tsoronsa

Dogon hutu da damina suke zuwa. Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba makarantu na rufe, sai a tura yarinya 'yar aji huɗu na sakandare gidan gwaggonta ta yi 'yan makonni. Can ta tarar da ɗan gwaggo ya dawo daga jami'a. Ita ake aika ta kai masa abinci shagonsa. Ta tsaya bakin ƙofa ta gyara mayafi har sau biyu kafin ta yi sallama, shi kuwa ko ɗago kai daga waya bai yi ba ya ce, "Ajiye nan, ƙanwata, sannu." Wannan "ƙanwata" ita za ta hana ta barci a daren, ruwa na dukan kwano tana juyi a kan katifa.

Yawancinmu da irin wannan muka fara. Amma ka duba littattafan soyayyarmu, tun daga tasowar adabin kasuwar Kano a tsakiyar shekarun 1980 har zuwa waɗanda ake sayarwa shafi-shafi a WhatsApp ko ake ɗorawa a manhajar karanta labarai ta Wattpad, da wuya ka ga an bar yarinyar nan da gaskiyarta. Ko dai yayan ya farga daga baya cewa ita ce zaɓinsa, a ɗaura aure a babi na ƙarshe, ko ta kwanta ciwo har asibiti, ko a biya wajen boka. Tunda Bahaushe ya ce son maso wani ƙoshin wahala, sai marubuta suka ɗauke shi cuta da dole a yi wa magani kafin a rufe littafi.

Ni a ganina nan ne ake cutar yara. 'Yar shekara 15 da ta karanta littafi goma duk suna ce mata haƙuri da kuka za su juyo da zuciyar wanda bai san tana yi ba, za ta ɗauka laifinta ne da nata bai juyo ba. Ta fara zargin fatarta, ta fara zargin talaucin gidansu.

Masu kukan tarbiyya sun daɗe suna cewa littattafan nan na ɓata 'yan mata. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, har ƙona littattafan aka yi a Kano. Damuwarsu ba ta banza ba ce, don akwai rubutun batsa da ke yawo yau wanda ba zan ba ƙanwata ba. Sai dai wuta ba ta hana kowa karantawa ba, littafin ya koma waya, ƙarƙashin bargo. Abin da ya rage mana shi ne mu ba su wanda ya fi shi gaskiya.

Marubutan kuwa muna da su. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, ta gajerun labarai na mata, tun 2016, ta nuna matanmu na iya rubuta abu mai ɗaci ba tare da sun zuba masa sukari ba. Ina son ɗaya daga cikinsu ta rubuta hutun nan yadda yake ƙarewa: yayan ya raka ta tasha, ya miƙa mata kuɗin mota, ya ce ta gaida Umma. Ta yi kukanta a kujerar baya, ranar Litinin ta goge hijabinta ta koma aji biyar.