Bindiga a ƙugu: abin da masu cewa "a yi kamar Amurka" ba su gani ba

Ranar 23 ga Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe ginshiƙin tsohuwar dokar lasisin bindiga ta jihar New York. Ba a cika mako ba gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta fito ta ce duk wanda ya cancanta ya nemi lasisi don kare kansa, har ta ce za a raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautun jihar 19. Tun daga nan, duk lokacin da aka kai hari a Maru ko Tsafe ko Batsari, sai wani ya taso da maganar a zaurukanmu na WhatsApp: ai a Amurka kowa da bindigarsa a ƙugu, shi ya sa ba mai kawo musu wargi. Da yake an san a Bronx, wani yanki na birnin New York, nake zaune, ni ake jefo wa zancen: "Yallaɓai, kai da kake can, ba haka ba ne?"

Ba haka ba ne. Amurka ba ta da doka ɗaya a kan wannan, kowace jiha da tata, kuma rigimar da aka kai kotu ba a kan ko bindiga abin kirki ce ba. Rigimar a kan wa ke da ta cewa ce: jami'in da ke bayan tebur, ko kuwa rubutaccen sharaɗin da kowa zai iya karantawa.

Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkinsu a 1791 shi ne ya yi maganar 'yancin riƙe makami. Sai a 2008, a shari'ar Heller, kotu ta ce wannan 'yanci na mutum ne shi kaɗai, yana iya ajiye ƙaramar bindiga a gidansa. A 2010, a shari'ar McDonald, ta ce hukuncin ya hau kan jihohi ma. Saura waje: kasuwa, titi, mota. A New York, ƙarƙashin dokar da ta samo asali tun 1911, in kana son fita da bindiga ɓoye a jikinka sai ka gamsar da jami'in lasisi cewa kana da wata buƙata ta musamman da ta wuce ta sauran jama'a. Ka ce unguwarku ba tsaro, ko kana tashi daga aiki ƙarfe uku na dare, wannan bai isa ba.

To su wa suka riƙa samu? Tsofaffin 'yan sanda, masu jigilar kuɗi da gwal, taurari, attajirai. Donald Trump ya samu irin wannan lasisi tun kafin ya shiga siyasa. A 2016 kuma aka bankaɗo cewa wasu jami'an sashen lasisi na birnin suna karɓar na goro ta hannun dillalai suna sa hannu. Mu da muka taso inda wa ka sani ya fi me ka sani ba ma buƙatar a fassara mana wannan. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne lauyoyin da ke kare talakawa kyauta a nan Bronx, waɗanda ba wanda zai kira su masoya bindiga, sun rubuta wa kotu suna goyon bayan a rushe dokar. Hujjarsu ita ce kusan duk waɗanda ake ɗaurewa a kanta baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka. A wannan gaɓar ina tare da alƙalai shida da suka rinjayi uku. Haƙƙin da sai jami'i ya ga dama yake bayarwa ya zama alfarma.

Inda na rabu da su shi ne ma'aunin da Mai Shari'a Clarence Thomas, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa: duk dokar bindiga ta yau sai an nemo mata makamanciya a tarihin ƙasar. Alƙalai suka koma tonon dokokin zamanin da ake ɗura wa bindiga albarushi ta baki, irin harba-ka-rugar maharbanmu, don su yanke hukunci a kan bindigar da ke cin harsashi goma sha biyar. Har wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba za a hana bindiga ga mutumin da alƙali ya haramta wa kusantar uwar ɗansa saboda duka da barazana ba, tunda ba a yi irin wannan doka a wancan zamani ba. Sai da Kotun Ƙoli ta dawo a Yunin 2024, a shari'ar Rahimi, ta warware wannan da rinjayen takwas da ɗaya. Ɗayan da ya ƙi shi ne Thomas.

New York ba ta zauna ba. Kwana takwas bayan hukuncin, Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a sabuwar doka. An cire maganar buƙata ta musamman, amma yanzu sai ka zauna aji na awa 16, ka yi awa 2 na harbi a filin horo, ka kawo mutum huɗu da za su shaidi halinka, a ɗauki zanen yatsunka, ka zauna da jami'i ido da ido. A cikin birni kuɗin neman lasisin kaɗai dala 340 ne, ban da na zanen yatsu da na makaranta. Bayan ka sha wannan wahalar sai a miƙo maka jerin wuraren da ba a shiga da ita: jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, bas, makarantu, asibitoci, wuraren shaƙatawa, mashaya. In ka doshi Times Square za ka ga alluna a kan turaku a bakin tituna suna sanar da cewa daga nan ba bindiga, masu yawon buɗe ido na wucewa ta ƙarƙashinsu suna ɗaukar hoto, ba mai ɗaga kai ya karanta. Dokar ta ma nemi ka miƙa sunayen shafukanka na sada zumunta na shekara uku, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan, ta bar yawancin sauran.

Har wuraren ibada an sa a jerin, sai da aka yi ƙara, daga baya aka gyara aka ba masu tsaron wurin dama. Mu ma maganar ta iso masallatanmu, kuma dattawa sun rabu biyu a kanta. Wasu na tuna limamin da aka harbe a Queens a 2016 bayan sallar azahar, wasu na cewa ba sa son su yi sujada kusa da mutumin da ƙarfe ke leƙowa daga ƙasan rigarsa.

Yanzu ka ɗauki mota ka haye gadar George Washington. Kana sauka kana New Jersey, lasisin New York ba ya aiki. Ka ci gaba da tafiya kamar awa ɗaya da rabi ka shiga Pennsylvania, inda ofishin sharif na gunduma ke ba da lasisin shekara biyar a kan dala 20, ba aji ba horo. Ka wuce Ohio, can ko lasisin ba a nema tun 2022. Jihohi 29 ke kan wannan tsari yanzu, ciki har da Texas tun 2021 da Florida tun 2023: in dai doka ba ta haramta maka mallaka ba, kuma shekarunka sun kai, sai ka soke ta a ƙugu ka fita. Direbobinmu na manyan motoci suna ratsa waɗannan iyakoki kullum, kuma layin da ba a gani a kan titi na iya zama bambanci tsakanin mai bin doka da fursuna. A 2013 wata mata daga Philadelphia, Shaneen Allen, mai lasisin Pennsylvania, ɗan sanda ya tsayar da ita a New Jersey, ita da bakinta ta gaya masa tana da bindiga. Aka kama ta, ta fuskanci ɗaurin shekaru, sai a 2015 Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. A New York kuwa, bindiga mai harsashi a waje ba lasisi, mafi ƙarancin hukuncinta shekara uku da rabi.

Ga 'yan uwa baƙi akwai ƙari. Dokar tarayya ta hana marar takardun zama riƙe bindiga kwata-kwata, haka yawancin masu bizar ziyara ko ta karatu. Mai girin kad, wato takardar zaman dindindin, na iya mallaka, amma laifin bindiga ɗaya na iya sa a tasa ƙeyarsa zuwa gida. Kuma takarda ba ta canza launin fata. Philando Castile, baƙar fata, na da lasisi, ya faɗa wa ɗan sanda yana da bindiga a Minnesota a 2016, aka harbe shi a kujerar motarsa, kotu ta wanke ɗan sandan. Amadou Diallo, ɗan Gini, a nan Bronx a 1999, walat ya ciro 'yan sanda suka yi masa ruwan harsashi 41.

Batun cewa bindiga ta kawo musu zaman lafiya kuwa, alƙaluma ba su ce haka ba. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabi su suka kashe kansu. Jihohin da suka fi sassauci irin su Mississippi da Louisiana su ke kan gaba a yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, Massachusetts da New York da New Jersey na can ƙasa. Gaskiya ne talauci da tarihi na da hannu a wannan, kuma gaskiya ne masu lasisi ba su cika aikata laifi ba. Amma bindigar da aka bari a mota ana sace ta, kuma cacar bakin da da za ta ƙare da zagi a fitilar hanya tana ƙarewa da gawa. Binciken John Donohue na jami'ar Stanford ya nuna laifukan tashin hankali sun ƙaru da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bayan shekara goma a jihohin da suka sassauta, ko da yake masu goyon bayan bindiga na jayayya da shi.

Mu koma gida. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ce. Fistol da bindigogin yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigar farauta ta zamani sai Sufeto Janar, ta toka sai kwamishinan 'yan sanda. Makamai na cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa tarayya, shi ya sa Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce Matawalle ba shi da wannan hurumi. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Wato muna kan tsohon tsarin New York ne, har da ƙari: babban mutum na yawo da 'yan sanda a bayan Hilux, ɗan ta'adda bai taɓa cike fom ba, manomi ne kaɗai ake tambaya takarda. Fushin masu cewa a ba kowa bindiga yana da tushe, kuma ni da ke kwana inda motar 'yan sanda ke zuwa cikin mintuna ba ni da bakin yi wa mutumin Dansadau wa'azin haƙuri.

Sai dai abin da suke nema tsarin Texas ne, ba tare da abin da ke riƙe da Texas ba. Ko a can, in ka je sayen bindiga a shago mai rajista sai an duba sunanka a rumbun bayanan hukumar FBI, akwai kotun da za ta ɗaure ka in ka yi harbi ba bisa ƙa'ida ba, akwai asibitin da zai cire harsashi cikin dare. Abin da ya cancanci aro daga hukuncin 2022 shi ne na tsakiya, wanda Mai Shari'a Brett Kavanaugh ya jaddada cewa jihohi na da damar yi: sharuɗɗa a rubuce, bincike, horo, sannan in ka cika a ba ka, in an hana ka ka je kotu.

Ko wannan ma ba zai kashe wutar Zamfara ba. Fistol a ƙugu an yi ta ne don ɗan fashi ɗaya a wurin ajiye motoci, ba don babura ɗari ɗauke da AK-47 da asuba ba. Mun kuma ga abin da ya biyo baya lokacin da 'yan sa-kai suka riƙa yanke hukunci a kasuwanni, da irin ramuwar da ta faɗa kan ƙauyukan da ba su ji ba ba su gani ba. Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a farkon 2024. A nan muhawarar ta kamata ta tsaya: wa ya tantance su, a wane littafi aka rubuta lambar kowace bindiga, wa ke ƙirga harsashi in sun dawo daga daji, kuma wace kotu makiyayi ko manomi zai je idan askar ya harbe masa ɗa.