Ɗiya bakwai da ɗigo shida

Bayan isha'i ne a teburin wani Bakatsine mai shayi, unguwar Zariya, Maraɗi. Alhaji Bagobiri ya baje bisa benci ya tuɓe hula yana fifita da ita, sai ga Ɗan Boko ya sauka daga kabu-kabu da tulin takardu a hammata.

ALHAJI: Ɗan lakwal, wanga kaya hwa? Ko masu ƙosai za ka kai ma takardar ƙunshi?

ƊAN BOKO: A'a Baba Alhaji, bincike ne aka ba mu a jami'a kan yadda halittu ke yaɗuwa. Mutane, fara, ƙwayoyin cuta, duka dai.

ALHAJI: Mutane da fara cikin takarda guda? Kai boko ba ta da kunya.

MAI SHAYI: Bar yaro ya yi magana bawana, ai Bagobiri da fara ni ban ga bambanci ba, duk inda kunka sauka ko kara ba ku bari.

ƊAN BOKO: Lissafin ne iri ɗaya. Akwai wata ƙwaya da ke zaune cikin hanjin kowa, E. coli sunanta, in ta samu abinci da ɗumi yadda take so duk minti 20 sai ta rabe biyu. Ɗaya ta zama 2, 2 su zama 4, haka haka dai, cikin awa 7 sun haura miliyan 2.

ALHAJI: Ba aure ba sadaki?

ƊAN BOKO: Babu.

ALHAJI: Ragon suna hwa?

ƊAN BOKO: Ko kaza ba a yankawa.

ALHAJI: Allah mai iko, wasu sun huta. Ni bara raguna ukku na kayar.

ƊAN BOKO: To mu ma Nijar ninkawa muke, sai dai a hankali. Ƙidayar 1977 mutum miliyan 5 da 'yan kai aka samu, ta 1988 miliyan 7, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17. Tsakanin na ƙarshen nan biyu ƙaruwar ta kai kashi 3.9 cikin ɗari duk shekara. Kuma akwai wata dabara mai sauƙi, ka raba 70 da wannan adadin sai ya ba ka shekarun da jama'a za su ninka, kenan wajen shekara 18.

ALHAJI: Shekara 18 kahin a ninka sau guda? Lalle ragwaye sun yi yawa a ƙasar nan. Ni cikin shekara 18 sau nawa na ninka?

MAI SHAYI: To hwaɗa muna, ɗiyanka nawa?

ALHAJI: Ba a ƙirga ɗiya, baki na kama su.

MAI SHAYI: Ƙarya yake bai san adadin ba ne. Ran salla a gabana ya kori wani yaro daga bakin tire ya ce ya tahi gidan ubanshi, yaron ya ce Baba ai nan ne.

ALHAJI: Duhu ne ran nan!

ƊAN BOKO: Ai shi ya sa masu bincike ba maza suke tambaya ba, mata suke bi gida gida. Binciken lafiya na 2012 ya nuna a Nijar mace guda na haihuwar ɗiya 7.6 in an yi matsakaici, nan jihar Maraɗi ma ya ɗara 8.

ALHAJI: Tsaya tsaya. Bakwai na gane. Ɗigo shidan nan wane yaro ne, marar kai ko marar ƙahwa?

ƊAN BOKO: Lissafi ne kawai Baba. A Koriya ta Kudu ma 0.72 aka samu a 2023.

ALHAJI: Subhanallahi, ko yaro guda ba su ƙarasawa? Su aiko jirgi ni zan taimaka.

ƊAN BOKO: Kuma fa mu nan Nijar ba haihuwa ce ta ƙaru sosai ba, mutuwar yara ce ta ragu, ga rigakafi ga asibiti ga ruwan famfo.

ALHAJI: Nan kam ka yi gaskiya. Mu goma sha ɗaya innarmu ta haihwa, ƙyanda da zawo sunka bar mu mu huɗu. Ni kuwa nawa duka suna nan suna cin hatsina, alhamdulillahi. Zuba mini ƙari Bakatsine.

MAI SHAYI: To ɗan boko, ita ƙwayar taka mi ya hana ta cika duniya tunda ba ta gajiya?

ƊAN BOKO: Yauwa, nan maganar take. In ka sa ta cikin kwalba da farko sai gudu, daga baya abinci ya ja baya, dattinta ya dame ta, sai ƙaruwar ta lafa ta tsaya cak. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Verhulst, ya rubuta lissafin irin wannan lafawar kan ƙaruwar jama'a tun 1838. Kafin shi akwai Malthus a Ingila, 1798, da ya ce mutane za su riƙa ninkawa abinci na rarrafe a baya.

ALHAJI: Shi Malam Tus ɗin manomi ne?

ƊAN BOKO: Limamin coci ne.

ALHAJI: Shi ya sa. Da ya taɓa riƙe hauya da ya san mutum ba fara ba ne, fara ci kawai ta sani, wadda ta zo muna 2004 ko rami guda ta shuka? Mu kuwa kututturen gawo da kalgo munka bari sunka toho cikin gona, ƙasa ta dawo.

ƊAN BOKO: Haka ne, a zamaninshi duniya ba ta kai biliyan 1 sosai ba, ga shi a Nuwamban 2022 an cika biliyan 8. Amma Baba gonar da kuka gada ku huɗu, in an raba wa naka...

ALHAJI: Kai yaro kiyaye ni, tun ina da rai kake raba gado?

MAI SHAYI: Bar batun gona, ga nawa binciken. (ya jawo littafin bashi ya haska da tocilan) Bayan ƙaramar salla kohi ɗaya Alhaji ke sha, wata na zagayowa ya koma 2 da burodi, sannan 4 har da ƙwai don ya hwara zuwa da surukinshi, yanzu bashi jikka takwas ba dala guda da ta shigo. Ɗan boko raba mini 70 ɗin nan mu ga yaushe zan tsiyace.

ƊAN BOKO: Ai kai kwalbarka ta riga ta cika.

ALHAJI: (ya dafe ciki ya lalubi hula da takalmi) Wayyo. Yaro, minti nawa ka ce ƙwayar nan ke ninkawa?

ƊAN BOKO: 20.

ALHAJI: To awata biyu zaune nan, sun taru. Bakatsine ara mini buta.

MAI SHAYI: Butar ma ta ukku kenan, ina biyun da ka tahi da su?